Hannu Ya Koma Lakwal

Shekara ashirin da uku ina tausa a Birni.
Tafina ya san kafaɗar ɗan ga-ruwa,
ya san ƙugun ɗan kabu-kabu da ramukan Zango suka cinye.
Sai ga takarda:
Cima, izininki ya kusa mutuwa,
sai kin yi awa talatin a aji kafin a buga hatimi.

Na ce, yau kaza za ta koyi tono wurin ɗan tsako.

Na dai tafi. Na sayi kaye da bik a Kasuwar Dole,
na zauna benci ɗaya da sa'ar jikata.
Malamin, Lawali, ko gemu bai tara ba,
ya rataye hoton mutum ba fata,
jijiyoyi kamar saƙar kaba,
yana kiran kowace da Faransanci.
Ni a duhu na san su, ban san sunansu ba.

Ran Laraba ya ce:
ƙafar da ta kumbura, ta yi zafi,
kada a murza. Gudan jini ne,
in an tura shi, huhu ya nufa.

Bik ya suɓuce mini.
Haru mai kanwa na tuna,
sharaɓarsa kamar garwashi, ga man kaɗanya,
na murza har ya sa mini albarka.
Washegari aka yi masa sutura.
Muka ce kwana ya ƙare.

Wataƙila haka ne. Ban sani ba.

Na tsinci bik, na ce, Malam, maimaita,
a hankali, rubutuna ba ya sauri.