Faso a Gefen Taya

Ranar Laraba na sunkuya ɗaukar makulli
a gindin motata, ƙarƙashin dogon yaro,
sai idona ya sauka gefen tayar baya.
Tsaga ce, sirara, ba ɗaya ba, ba goma ba,
sun kewaye rubutun da ke jikin roba
kamar laka a bakin gulbi bayan janyewar ruwa.

Na sa farce. Farce ya shiga.

Motar nan ba ta yawo.
Tun da na aje aikin asibiti
iyakarta kasuwa, masallacin Juma'a,
sai Tibiri in an yi rasuwa.
Zanen tayar daram, ko kaɗan bai suɗe ba.
Me ya ci ta, alhali hanya ba ta ci ta ba?

Nomau mai faci, can hanyar Ɗan Isa,
ya zuba ruwan sabulu, muka zuba ido.
Ba kumfa. Na ce alhamdu lillahi.
Ya ce, dakata, Manjo, ba iska nika nema ba.
Ya tofa yawu, ya goge wani ɗan zobe,
lamba huɗu ta fito.
Biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara.
Ya ƙirga da yatsu, yatsun suka ƙare.
Ya ce, wagga ta girmi jikarka.
Zama ya kashe ta, da rana, ba tahiya ba.
Roba kamar gwiwa ce, in ba ta motsi sai ta bushe.

Ya danna da babban yatsa, bakin tsagar ya buɗe,
can ciki wani fari-fari.
Ya ce, na sama-sama a iya lallaɓawa,
amma in ka ga zare, ka ga likkafani.

Yaronsa ya ce a shafa baƙin mai, ta koma sabuwa.
Nomau ya harare shi:
kwalli na maganin makanta?

Sabuwa jikka arba'in da biyar.
Ƴar Kwatano sha takwas,
ita ma da tsufanta ta ƙetaro teku.
Sau huɗu.
Na tuna buhun hatsi, na tuna indararon da ya karye,
na tuna fansho da ke tafiyar hawainiya.
Na ce zan yi shawara.
Ya ce, yi. Kwalta dai ba ta shawara.

Da dare Barira na shafa man kaɗe a dugaduganta.
Na ce, kin ga, motarmu ma ta yi faso.
Ta ce, nawa yana warkewa, don akwai jini a ƙarƙashi.
Nata fa?
Ta rufe gwangwani. Ba ta ƙara ba.

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe allura da zare.
Na san abin da hanyar Dakwaro ke aikowa
da azahar, cikin watan zafi.
Na san yadda direba ke cewa, ƙara kawai na ji.
Kullum haka suke cewa, masu iya cewa.
Ga shi Asabar akwai suna a Tasawa:
mata huɗu, kwanon fanke, da Tsahara a cinyar kakarta.

Na koma da safe.
Biyu na saya, waɗanda zarensu ya leƙo.
Sauran biyun sun sami wa'adi zuwa ƙarshen wata,
da sharaɗin fita bayan asuba, kafin kwalta ta yi fushi,
da gudun da ko amalanke sai ta yi mini dariya.
Ba dabara ba ce, na sani. Aljihu ne.

Tsohuwa ɗaya na bar wa masu yankan takalmi.
Ɗayar Tsahara ta ƙwace.
Ga ta can cikin lungu, da sanda,
tana kora ta, tana ihu,
tayar na tsalle, tana tafiya,
tafiyar da ba ta yi ba
duk shekarun da take ƙarƙashina.