Masarar Iri

Ɗan farina ne, ban taɓa kama sunansa ba.
Shekara sha bakwai ina ce masa “Kai”,
uwarsa ta ce “Wancan”,
sai ga mu a Shika, likita ta ɗaga fayil
ta ce Mudansir, sau uku a jere,
kamar sunan ba shi da nauyi.

Ƙullutu ne a wuya, ya kusa ƙwan zabo.
Mun ba shi rubutu, mun shafa man wani mutumin Tudun Wada,
ashe daji ne ya shigo mana gida
ba sallama.

Dakta Laraba, 'yar Wusasa, ta tura ƙofa ta rufe.
Ta ce, Baba, ruwan da za mu ɗaura masa ran Litinin
wutar sassabe ce,
ba ta tambayar wanne ne ciyawa.
Zai iya warkewa, ya yi gemu, ya yi aure,
goyo ya ƙi zuwa.
Amma akwai inda ake ajiyewa kafin a fara.
Na ce, ajiye me?
Ta dubi yaron. Yaron ya dubi silifas ɗinsa.
Ni na dubi fanka.

Na zo roƙon numfashinsa na gobe,
ana yi mini zancen jika.

Daga Shika har Kwangila ba wanda ya ko yi tari.

Da dare na shiga madafa neman ashana.
Ga masarar iri rataye saman murhu,
hayaƙi ya mai da ita baƙa,
goyo shida da na hana kowa taɓawa
ko bara da muka ci tuwon bashi.
Na daɗe tsaye. Ban tuna ashanar ba.

Bayan asuba na tare Malam Tasi'u,
na yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman rance.
Ya ce, in nasa ne, don matarsa ta sunna, yana raye,
ka ƙara tambayar wanda ya fi ni,
ni dai ban ga laifin rumbu ba.

Injin ban-ruwa na sayar a Sabon Gari,
an taya shi tayin wulaƙanci, na sallama.
Kawunsa ya so ya raka shi tafiyar. Na ce a'a.
Ni na dangwala yatsa a takarda,
ni na zauna a benci ina jan carbi
ina kallon ko'ina ban da ƙofar.
Suka nuna mini tulun ƙarfe mai fitar da tururin sanyi,
suka ba ni rasit.
Yana cikin leda tare da takardar gona.

Yau ƙarin ruwa na uku.
Sumar ta zube, har gira,
ko ƙamshin kunu tayar masa da zuciya yake yi.
Tsakar dare, ido rufe, ya ce,
Baba, in an ɗauke wuta a can fa?

Na ce sun ce tulun ba ruwansa da wuta.
Na ja masa bargo.
Na ce, kwanta, Mudansir.

Uwarsa ta juya tana gyara fulas
kamar ba ta ji ba.