Tsagar Ginshiƙi

Kunthea, ajiye wayar nan, zo ki ga ginshiƙi,
wannan na kudu, mai tabon wuƙa har sama.
Kakanki Narith ne ya fara yanka shi,
kowace damina tsaga ɗaya,
daidai inda Tonle Sap ya tsaya da ruwa.

Ta can ƙoli, shekarar haihuwar ubanki ce,
daga bakin ƙofa nake wanke tukunya.
Ta bara kuwa, sauka matakala bakwai,
ki sunkuya, ki lalubo ta,
inda laka ta bushe tana kewar ruwa.

Kin san kogin nan namu baya yake komawa?
In Mekong ya ƙoshi, ya tumbatsa,
sai ya turo ƙaninsa da kafaɗa,
ƙanin ya juyo gida da gudu,
tafki ya kumbura, ya shiga daji ba sallama,
itatuwa su tsaya iya wuya a ruwa.

A nan ake girkin da ba wuta.
Ganye ya ruɓe, ƙwaro ya ci ganye,
'ya'yan kifi su ci ƙwaro a inuwar saiwa,
babba ya ci ƙarami, kwasakwasa ta ci babba,
mu kuma mu zo da komarmu a ƙarshe.
Ko shinkafar tudu ba ta san taki ba,
sai lakar da aka bar mata bayan janyewar ruwa.

Tulu tara nake cikawa da daddawar kifi.
Bana biyu ne, na biyun ma bai kai wuya ba.

Sun ce can sama an gina bango a kogi,
ana tatsar lantarki, ana sakin saura da awo.
Abin da ke iso mu ya makara, ya rame,
ga shi garau, ba laka, kamar idon mara lafiya.
Jiragen yashi kuma suna kwasar gadonsa
su kai birni a yi bene.
Ruwa ba ya tsami banza, jikata,
akwai hannu a ƙarƙashin ruwa.

Amma laifi tudu ne, kar in taka nawa.
Wa ya ɗinka koma da gidan sauro,
har ɗan kifin da bai kai farce ba?
Wa ya tsoma wayar batir da dare?
Wa ya cinna wa daji wuta don gonar rani?
Ubanki yana ciki. Ni na dafa abin da ya kawo,
na ci, na sha ruwa.

Karen ruwa ya daina zuwa satar kifina.
Da ina jifansa, yau cigiyarsa nake.

Ungo wuƙar. Kaifinta ya tafi, ki wasa.
Na ji kina zancen masaƙa a Phnom Penh,
ban hana ki ba, ciki ba ya jiran kogi.
Sai dai in damina ta kai tsakiya ki zo,
ki yi tsagar bana da hannunki,
ko ta yi ƙasa, ki yi ta, kar ki ƙara ko yatsa.
Ginshiƙin nan bai taɓa yi mana ƙarya ba,
shi kaɗai ke riƙe da lissafin ruwa.