Awon da Ban Sani Ba

A kwalin ƙyallayen da nake tarawa ƙarƙashin keken ɗinki,
nan Maɓalli ta zaɓa.
Na shimfiɗa mata bargo a lungu, ta ƙi.
Mage ba ta karɓar shawara.

Sha ɗaya da rabi na farkon ya faɗo,
jiƙe sharkaf, bai fi ƙwaryar zare ba.
Ta lashe shi, ta datse cibiya da haƙori.
Na ce madalla,
na koma kan kaftanin da za a karɓa da safe.

Sai aka ɗauke wuta.
Sanyin Jos ya kutso ta ƙasan ƙofa
ya zauna mini a gwiwa.

Da fitilar waya na gan ta:
ciki ya ɗaure, ya saki, ya sake ɗaurewa,
baki a buɗe, kuka ya ƙare.
'Yar jela da ƙafa guda sun leƙo, sun tsaya cak,
kamar allurar da ta karye cikin kaki.

Tsalha mai gadin layinmu ya leƙo ta taga.
"Dabba ce fa, ta san abinta.
Na daji, wa ke karɓar haihuwarsu?"
Na ce, waɗanda suka mace a dajin,
wa ya ƙirga maka su?

Amma ni ma na tsaya.
Lambar Likita Kaneng na jikin bango da alli,
tsakanin wuyan Alhaji Ɗanjuma da hannun wani ɗan makaranta.
Yaya zan ta da 'yar mutane ƙarfe ɗaya saboda kyanwa?
Dubu nawa ma za ta ce?
Ina wannan lissafi, agogo na nasa.

"Tun yaushe take yunƙurin?"
Na ce minti arba'in, ko fiye.
"Ashirin ma sun isa ka kira.
Kada ka ja. Kada ka ɗura mata komai.
Lulluɓe na farkon. Ga ni nan."

Daga Daɗin Kowa zuwa Rikkos,
cikin tsohuwar motar da fitilarta guda ke gani.
Ta durƙusa kan simintina da rigar sanyi,
ta sa safar hannu, ta shafa mai,
tana yi wa Maɓalli magana ƙasa-ƙasa da Berom,
ni ina riƙe da haske, hannuna na rawa.

Wanda ya maƙale ya fito shiru.
Ta murza shi da tsumma, ta murza, ta ajiye.
Ba ta dube ni ba. Gara da ta yi faɗa.

Allura guda, sai jira.
Kafin kiran assalatu biyu suka biyo baya,
suna tsuwa kamar sabon takalmi.

Mai kaftani ya zo da hantsi, na ba shi haƙuri.
Ni da na san ƙugun rabin unguwar nan da ka,
na ɗauki alli, na je ƙasan lambarta,
na rubuta: ashirin.