Ba Kyanwa Ba Ce

A garinmu, Entroncamento,
jirgi ke tashin mutane, ba zakara ba.
Babanmu ya shekara talatin yana juya masa layi,
hannunsa bai taɓa rabuwa da warin baƙin mai ba.
Albashin wata guda cur ya zube
ya sayo wa Anselmo ɗan kan jirgi mai lantarki,
kore shar, da jan zare a kwiɓi.
Ni kuwa aka ce: Graciete, kallo kawai.

Kallo kawai!
Ina 'yar shekara bakwai na ɗauke shi da tsakar dare,
ya suɓuce, tim, a daɓen kicin.
Da gari ya waye na ce kyanwa ce.
Kyanwa ta sha tsintsiya,
ni na sha madarata.

Shekara hamsin da huɗu ke nan.
Bana, da muka zo sayar da gidan,
na tsince shi a kwalin takalmi, bayan tulun man zaitun,
naɗe cikin safar Baba,
tsatsa ta gaigaye gefensa kamar ɓera da burodi.

Haƙoran roba na ƙera har na ajiye aiki,
ƙaramin abu ba ya ba ni tsoro.
Na shimfiɗa farin ƙyalle, na gyara zaman tabarau.
Kusa shida suka fito salin-alin,
ta bakwai ta kafe,
sai da ta kwana a kananzir ta sauko.
A ciki ga ƙura, ga gashin kyanwa,
baiwar Allah, har nan ta biyo ni da shaida.
Tsohon mai ya daskare kamar zuma a sanyi,
giya ɗaya ta zubar da haƙora biyu.
Na yi dariya ni kaɗai.
Haƙori? Ai an zo gidana.

Mako uku ina sunkuye:
tsinken sakace, auduga,
ɗigon dalma a kan waya mai sirantar gashi,
da 'yan gawayin inji biyu
da wani tsoho ya aiko mini daga Porto cikin ambulan,
ya ƙi karɓar ko sisi.
Fentin ban taɓa ba.
Lotsewar nan ta goshinsa tawa ce,
na bar ta inda na sa ta.

Ranar da na ba shi wuta ya yi gurnani,
ya yi makyarkyata kamar mai zazzaɓi,
sannan ya tafi.
Da baya.
Da baya yake ta zagaya teburin,
na zuba tagumi na ce: kai ma can kake son komawa?
Waya biyu na sauya wa mazauni,
ya haƙura ya fuskanci gaba.

Lahadi na kai shi gidan kula da tsofaffi,
inda Anselmo ke zaman bakin taga,
inda tun bara yake tambayata ko ni sabuwar nas ce.
Na haɗa layin, da'ira ɗaya tak,
tsakanin kofin gahawa da kwalbar magani.
Fitilar goshi ta kama,
haske kamar ƙwayar shinkafa.
Ƙis, ƙis, ƙis, ƙafafu suka ɗauki layi,
sai warin nan ya tashi,
ɗumin mai da tartsatsin wuta,
warin Disamba a gidanmu.

Bai dube ni ba.
Idonsa na bin jirgin, zagaye uku, huɗu,
sannan ya sa yatsa ya tare shi,
ya daɗe yana shafa lotsewar.
Da muryar ɗan shekara goma ya ce:
"Ba kyanwa ba ce, Graciete.
Idona biyu a daren."

Can waje jirgin Lisbon ya wuce, taga ta girgiza.
Ya ɗauke yatsansa.
"Ƙara masa wuta," in ji shi,
"amma ki sassauta a kwana."