Masaukin Tanimun

A Madarumfa, kafin ka gangara bakin tabki,
akwai gidan da ya girmi kwalta.
Kakana Tanimun ya ɗora shi,
da ƙasar da ya haƙa a bayan gari.
Ramin na nan, agwagi sun gaje shi.

Kaurin bango kamu biyu.
Ka shiga da azahar, kamar ka tsoma kai a randa.
Azara daga giginya, don gara ba ta da haƙorinta.
Baka huɗu ya ɗaure, suka haɗa kai a tsakar rufi,
ya kafa farar tasa a mahaɗarsu.
Ƙofar zaure mai faɗi,
jaki ya wuce da mangalarsa ba a sauke ba.
Ƙofofin ɗakuna kuwa gajeru.
Wai duk wanda zai kwana gidan wani
ya fara koyon sunkuyawa.

Masu goro sun kwana nan, da masu kanwa.
A bangon ɗaki na uku akwai zanen ƙusa,
layi goma sha bakwai:
kwanakin wani da bai dawo ya biya ba.

Sai hanya ta yi santsi,
mota ta daina gajiya a garinmu.
Indararo ya faɗi. Jemagu suka kama haya.
Magada muka zauna kan tabarma,
Zabairu ya ce a rushe, a jera shaguna na bulo da kwano.
Ni ban ce komai ba,
kuma wannan shirun har yau yana cina.

Tsahara ce ta zo da mata goma sha biyu
da kuɗin adashe a ƙulle a haɓar zane.

Yanzu gyaɗa ke kwana inda goro ya kwana.
Turakun jakuna sun zama na babura.
A alkukin fitila wayoyi ke shan caji.
Tun daga masallaci kake jin ƙamshin ƙuli-ƙuli.
Sun huda taga a bangon gabas.
Raina ya ɓaci kwana biyu,
har na ga yadda hantsi ke zuba kan turmi.

Sun shafe bangon da siminti,
damina biyu ya ɓamɓare kamar ɓawon ƙwai.
Ƙasa ba ta son rigar da ba ta numfashi.
Sai suka aiko a kira ni.
Na jiƙa makuba, na cuɗa, na hau tsani,
can ƙarƙashin zanko na tarar da sawun yatsunsa.
Na ɗora nawa. Bai cika ba.

Daren Talata babur ya mutu wa wani mutumin Ɗan Isa.
Ya ga haske, ya yi sallama.
Tsahara ba ta tambayi sunansa ba,
ta janye buhu biyu, ta shimfiɗa tabarma a ɗaki na uku.

Da zai shiga,
ya sunkuya.