Ranar da Kwalekwale Bai Tsallako Ba

A Quemchi, in teku ta tashi da fushi,
kwalekwalen Don Aladino ba ya barin gaɓa.
Ranar ajina rabuwa yake biyu:
sha ɗaya a kan benci, rigunansu na ɗigar ruwa,
bakwai can tsibirin Caucahué,
cikin kwamfutar da na jingina da gwangwanin alli.

Da kiran suna nake farawa, ba don rajista ba.
Rayén. Baltasar. Ximena mai tari tun Litinin.
Kowa sai ya faɗa min abin da ya hango ta taga,
don bakin da ya buɗe da sassafe
ba ya nauyi da hantsi.

Sai Nahuel.
Gurbinsa a allo baƙi ƙirin, kamar bakin rijiya,
sunansa kaɗai a ƙasa.
Ina sabuwar malama na taɓa ce wa wata yarinya,
"Kunna kyamara, ko in rubuta ba ki zo ba."
Ta kunna.
Ɗaki ɗaya, mutum shida, kaka kwance a kan tabarma.
Wata guda ban ƙara jin ɗuriyarta ba.
Tun ranar na san duhun allo ba raini ba ne,
labule ne,
kuma gidan mutane da sallama ake shiga.

Yau rabi da sulusi da rubu'i ne.
Na rufe littafi, na ce kowa ya ɗauko dankali.
A nan ko gidan da gishiri ya ƙare ba a rasa shi:
ja, da baƙi, da mai zane kamar an sa masa lalle.
Baltasar ya yanka nasa uku, ɗaya ya fi sauran ƙiba.
Aji ya fashe da dariya,
lasifika ma ta dara, a makare da daƙiƙa biyu.
Ban gyara masa ba.
Na ce da Rayén can ƙetaren ruwa,
"Da ke ce ƙanwarsa, wanne za ki yarda ki karɓa?"
Ita ta koya masa sulusi, da tsiwa.

Sai na jefa tambaya: rabi da sulusi, in sun haɗu, nawa?
Na kuma yi abin da ya fi min wuya a sana'ar nan,
na kama bakina.
Na ƙirga goma a zuci. Ruwa na dukan kwano.
Hannu uku a sama, na yi kamar ban gani ba.
Sha biyar.
Ashirin.
Rubutu ya ɓullo a gefen allo, daga rijiyar nan:
"biyar cikin shida na gwada da igiyar babana"

Ba babban baƙi, ba aya. Ban nema ba.
"Madalla" kuma kalma ce mai rufe ƙofa,
sai na ce, "Nahuel, ya ka yi da igiyar?
Ximena ba ta gane ba. Ni ma ina son ji."
Shiru.
Can sai murya, ƙasa-ƙasa, iska na yanka ta:
ya ninka igiya shida, ya ƙulla kowane ninki,
rabi ya ci uku, sulusi ya ci biyu,
saura kuma...
Sabis ya ɗauke.

Da dare na tura saƙon murya a wayar uwarsa,
gajere, don na san tsadar caji a tsibiri:
"Ka tsaya a kan 'saura'. Muna binka bashi."

Alhamis teku ta huce.
Ya shigo a ƙarshen layi, ya fi yadda na zata tsawo,
ya zauna bencin baya, bai dube ni ba.
Ban kira shi gaban allo ba.
Ina rubuta kwanan wata, ta wutsiyar ido na ga
Ximena ta ja kujerarta, ƙiii, har can baya,
shi kuma yana zaro wata shuɗiyar igiya daga aljihu,
mai ƙulli biyar, tana warin kifi.